Malam Badamasi Ya Koyi Yanka

Malam Badamasi yana cikin mutanen nan da in suka ji a rediyo an ce Musulunci na yaɗuwa a duniya, sai su gyara zama su yi hamdala da ƙarfi, kai ka ce da sa hannunsu. Kullum da safe yana zaurensa a Kiru, rediyo a cinya. Da ya ji an buɗe masallaci a wata ƙasa da ko gabas ɗinta bai sani ba, zai ɗauki labarin da zafinsa ya kai majalisa. Bai taɓa kawowa a ransa cewa wata rana yaɗuwar nan za ta biyo hanya ta same shi har gida, ta nemi tona masa asiri ba.

Asirin kuwa ba wani babba ba ne, abin da ya sa ya fi ciwo ke nan. Shekararsa sittin da huɗu a duniya, talatin da biyar daga ciki ya yi su yana koyar da Arabiyya da addini a firamare, amma ko kaza bai taɓa yankawa ba. Babin yanka kam yana kansa tsaf. Ranar Asabar in ya tsaya gaban matan aure a Islamiyyar unguwa, yakan zayyano shi ba gargada: a fuskantar da dabba alƙibla, a ambaci sunan Allah, a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, zakaran wuya ya koma ɓangaren kai, kada kuma a ɗage wuƙa sai an gama. Yana faɗa yana gwadawa da gefen hannunsa a iska, har sai ka tausaya wa iskar. Amma da zarar ya ga jini ya yi tsartuwa, sai kunnuwansa su ɗauki ƙara, ƙasa ta fara juyawa da shi. Ya sha zama ya nemi dalili mai mutunci da zai jingina abin a kai, ko wani firgici na yarinta, ko shafar aljanu, bai samu ba. Tsoro ne kawai na banza da wofi, kuma ya san haka.

A unguwarsu mace ba ta yanka. In za ta dafa kaza, sai ta ja mayafi ta leƙa ƙofar gida, ko ta aika, duk magidancin da aka fara cin karo da shi a miƙa masa kazar da wuƙa. Zauren Malam na bakin hanya, kusa da injin niƙa, shi kuma tun da ya yi ritaya kusan kullum yana zaune a ciki. Duk da haka ba ya tuna rabon da wata ta kawo masa kaza. Yana gani za a wuce shi da kaza a hammata, a gaishe shi da ladabi, a je can gaba a tsayar da mai faci ko mai shayi. Shi a lissafinsa kwarjini ne. Har yakan ce wa matarsa Furera ilimi wani abu ne, yana sa mutane su ji nauyinka, ita kuma ta ce haka ne, Malam.

Ragon layya kuwa akwai Sale, maƙwabcinsa kuma amininsa, manomin shinkafa. Sale ya girme shi da wata takwas, wata takwas ɗin nan kuwa sun yi wa Malam rana. Duk shekara Malam zai fito da wuƙa a hannu biyu ya miƙa wa Sale, ya ce bai kyautu ƙarami ya yi yanka babba na tsaye ba. Kafin a kayar da ragon sai ya tuna akwai wanda bai yi wa barka da Sallah ba a bayan layi. Sale kaɗai ya taɓa faɗa wa gaskiya, wata rana a gona, bayan ya sa shi ya rantse. Sale ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce ya bar komai a hannunsa. Haka aka yi ta tafiya har watan Rajab na bana, da Allah Ya yi wa Sale rasuwa. Malam ya yi kukan rashin aboki da gaske. Amma ko a makabarta, yana tsaye ana zuba ƙasa, sai da wata 'yar murya a ransa ta tambaye shi wa zai yanka ragon bana. Ya ji kunyar kansa ƙwarai, ya yi ta istigfari har gida.

Saura sati uku Sallah, ya riga ya shirya cewa zai kira mahauci ya ce wuyan hannunsa ne ke ciwo, sai ga waya daga ɗansa Mas'ud. Mas'ud yana karatun aikin gona a Brazil, a wani ƙaramin gari da Malam ya gaji da koyon sunansa ya haƙura. Bayan gaisuwa ya ba shi labari mai daɗi: akwai wasu mutum goma sha biyu a garin da suka musulunta, manoma ne, babbansu wani dattijo mai shekara saba'in da ya zaɓi sunan Isa. Bana suna so su yi layyarsu ta farko a gonar dattijon. Sun karanta yadda ake yi, amma suna so su gani a hannun wanda ya gada. Shi kuwa ya gaya musu su kwantar da hankalinsu, mahaifinsa babban malami ne, babin yanka ma shi ne fanninsa.

"Baba, kun riga mu da awa huɗu," in ji Mas'ud. "Lokacin da za ka yanka naka, mu nan gari bai gama wayewa ba. Sai a riƙe waya mu gani kai tsaye, in mun sauko Idi su yi nasu."

Malam ya ce masha Allah. Ya ƙara cewa masha Allah, domin ba wata kalma da ta rage masa a baki. Da ya ajiye wayar ya zauna yana duban ƙafafunsa. Mutanen gari in sun ji ciwon hannu za su yi masa sannu su wuce. Amma yaron nan tun yana rarrafe yake kallonsa a matsayin wanda ya san komai, ga shi ya je bangon duniya ya yi alfahari da shi. Ya ji gara a ce komai ya same shi da Mas'ud ya gane ubansa malamin baki ne kawai.

Kwana biyu yana saƙa da warwara, a na uku ya yanke shawarar zai koya, amma ba a Kiru ba, inda kowa ɗalibinsa ne ko uban ɗalibinsa. Ya ce wa Furera zai je duba wani tsohon abokin aiki. Ya hau acaɓa zuwa tasha, ya shiga mota zuwa Kwanar Dangora, daga nan ya canza wata ta Tudun Wada. Damina ta fara, masara ta kai idon sawu a gonakin bakin titi, shi dai ba ya ganin komai sai wuyan rago. A wata kasuwar ƙauye gaba da Tudun Wada ya sauka, ya bi ƙarni har mayanka, ya sami wani mahauci kakkaura mai furfura a gemu yana wasa wuƙa. Sunansa Ubale.

Malam ya yi sallama, ya ce shi daga wajen Bebeji yake, yana lallashin kansa da cewa ai motar ta ratsa ƙasar Bebeji. Ya ce yana da wani ɗalibi, bawan Allah, mai tsoron jini, shi ne ya zo ya ji ko akwai dabarar da za a taimaka masa da ita. Ubale bai ɗago ba. Ya gwada kaifin wuƙar a gashin hannunsa, ya ci gaba da wasawa.

"Allah gafarta Malam," ya ce, "ɗalibin nan ba shi ne mai zaure kusa da injin niƙa a Kiru ba?"

Da akwai rami a wurin da Malam ya shige. Ubale ya jawo masa benci, ya yi masa bayani a natse kamar mai faɗin farashin tsoka. Matarsa Rabi ƙanwar Lubabatu ce, Lubabatun da ke aure a layinsu Malam, kuma ya taɓa ganinsa a wani suna da suka je. Maganar cewa Malam Badamasi ba ya yanka kuwa tsohuwa ce, shi tun yana saurayi ya san ta. Ya ce har Doguwa, inda yake zuwa sayen awaki, ya taɓa jin wata mai tallan nono ta kawo zancen. Ba da mugunta ake faɗa ba, in ji shi, kawai dai an sani ne, kamar yadda aka san wace rijiya ce ba ta ƙafewa.

Malam ya zauna yana juya maganar. Ashe kwarjinin da yake taƙama da shi shekara da shekaru ba kwarjini ba ne, kauce masa ake yi kamar yadda ake kauce wa mai gyambo a cikin sahu. Da kunyar ta ɗan lafa sai baƙin ciki ya maye gurbinta, domin mutum ɗaya tak ya gaya wa, kuma ya rantse masa. Wato Sale yana karɓar wuƙa da hannu biyu, yana juya baya yana raba labarin gida gida. Abin ya soke shi sosai, ga shi ba halin ya je ya tambaye shi.

Tunda dai an riga an zo, sai aka shiga karatu. Ranar farko Ubale ya ce ya tsaya ya kalla kawai. Ya kalla, ya farka a kwance kan benci, hularsa a ƙirjinsa, ana yi masa fifita da kwali. Ubale bai yi dariya ba, ko kuma ya gama kafin Malam ya farfaɗo. Ya ce matsalarsa guda ce, fuskar dabbar yake kallo. Ya nuna masa yadda ake lanƙwaso kunnen rago a rufe masa ido da shi, da yadda ake lalubo zakaran wuya da yatsa kafin a ɗora wuƙa, ido ya tsaya nan kawai. Ya ce masu tausayi irinsa su suka fi wahalar da dabba, domin su ne ke sassauta hannu a tsakiya, in dai tausayin gaske ne to a wasa wuƙa da kyau a yi sauri. Malam ya so ya ce ai wannan yana cikin littafi, sai ya tuna wanda aka ɗauko daga ƙasa ɗazu, ya fasa.

Kwana huɗu yana wannan zirga-zirga, tsohon abokin aikin nan nasa kullum jikinsa na ƙara tsanani. Ubale ya naɗe kabewa da fatar akuya ya ba shi ya yi ta yankawa, dattijo da rawani a bayan mayanka yana kabbara a kan kabewa. Daga nan Malam ya koma riƙe ƙafar dabba in za a yanka. Rana ta huɗu ya ɗora hannunsa a kan na Ubale aka yanka ɗan akuya tare, bai faɗi ba, amai kawai ya yi. Ubale ya ce an samu ci gaba, ya koma gida ya fara da kaji, hannu sai da maimaici. Malam ya yi godiya, yana tunanin ina zai sami kajin, tunda ba zai kama na gidansa ya yi ta yankawa ba tare da Furera ta tambayi dalili ba.

Ranar Asabar ya shiga Islamiyya da haushinsa. Ya ajiye darasin da ke kan layi ya ɗauko gulma. Ya yi awa guda yana ragargaza, ya kawo ayoyi ya kawo hadisai, ya ce akwai matan da harshensu ya fi injin niƙan unguwar nan aiki. Matan suka sunkuyar da kai. Lubabatu tana sahun gaba, ita ta fi kowa cewa Allah Ya kiyashe mu. Abin da Malam bai lissafa ba shi ne Ubale ma yana da mata, matar kuma tana da waya.

Washegari da hantsi yana zaure sai ga sallama. Hauwa ce, matar marigayi Sale, ba ta daɗe da fita takaba ba. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi, ta ajiye jan zakara ɗaure da ƙafa, da wuƙa a kai.

"Malam, a taimaka mana. Na leƙa ban ga kowa ba."

Mai faci yana zaune tsallaken hanya, bai ko matsa daga cikin rumfarsa ba. Malam ya dube shi, ya dubi zakaran, ya ga ba hanyar gudu. Ya kai shi gindin katanga, ya taka fukafukai da ƙafafu yadda aka koya masa, ya yi bisimilla ya ja wuƙa. Jini na fitowa hannunsa ya ɗage da kansa. Kafin ya tattaro hankalinsa ya mayar, an daɗe, zakara ya gama shure-shure. Shi da ya shekara talatin da biyar yana karantar da hukuncin nan ba ya buƙatar a gaya masa: ya zama mushe. Ya tsaya da wuƙa a hannu, ya mayar da zakaran bazawara abincin karnuka. Hauwa ta ce dama tun jiya yake gyangyaɗi, ba ta yarda da lafiyarsa ba, ta ɗauke shi ta fice. Malam ya san zakaran nan sarai, shi ke tashinsa da asuba, duk layin ba mai lafiyarsa. Da yamma ya aika mata da nasa zakaran, ta karɓa.

Ya ɗauka shi ke nan, ya gama tozarta. Sai ga Lubabatu da sassafe da kaza, wai baƙi za ta yi. Wannan ya yanku, ko da yake sai da ya dafa katanga ya huta. Kafin azahar wata tsohuwa ta kawo zabo. Daga ranar zauren Malam ya koma kamar mayanka. Kowace da dalilinta: wannan mai jego za ta yi wa farfesu, waccan mijinta ne ke mura, wata kuma kazar ce wai ta cika ɓarna. Ba wadda ta taɓa kallon fuskarsa yana yanka. Sai su juya baya su shiga gyaran mayafi, in ya gama su yi godiya kamar kullum shi ke yi musu. A majalisa magidanta suka fara mamakin abin da ya sami matan unguwa, ana saura kwanaki a ci naman Sallah su kuma sun tasar wa kajinsu. Wani ya ce kazar da matarsa ta hana a taɓa ko ranar da uwarsa ta zo, jiya ita ya ci da tuwo. Suna faɗa suna kallon sama, ba wanda ya dubi Malam.

A nan ne lissafinsa ya rikice. Matan nan kajinsu su ne asusunsu, da su ake sayen sabulu da maganin yara, ga shi suna ta kawowa ana zubar da jininsu don wani tsoho ya saba hannu. Ba wanda ya roƙe su, labari ne kawai ya kai musu, ta hanyar da ya tsine wa ranar Asabar. Ya juya maganar ta kowace fuska. Gulma dai haramun ce, bai janye ko harafi ba. Amma ya rasa babin da zai sa wannan a ciki, ya kuma lura cewa duk yawon da labarin ya yi, har Doguwa, bai taɓa shiga kunnen 'ya'yansa ba. Sale kaɗai ya kasa yafe wa. In ya ɗaga hannu bayan salla ya zo kan sunansa, sai ya ji addu'ar ta yi nauyi, ya faɗe ta da baki kawai.

Ranar Sallah aka tashi da yayyafi, ya ɗauke kafin a sauko Idi. Da labari ya zo cewa liman ya yanka, aka jawo ragon tsakar gida, maƙwabta biyu suka kayar da shi suka riƙe, fuskokinsu a ɗaure kamar masu gadin banki. Furera ta riƙe waya. A cikinta ga Mas'ud nan da mutanensa a wata rumfa, gari bai gama haske ba, sun yi cincirindo, dattijo Isa a gaba da farar hula da ta yi masa yawa. Ta bayan katanga kuwa, inda a ka'ida ake jin daka da hayaniyar Sallah, tsit kake ji.

Malam ya yi bayani, Mas'ud na fassarawa. Nan kam gidansa ne, har ya so ya zarce, sai ya ga ragon na jira. Ya durƙusa. Ya lanƙwaso kunne ya rufe idon, ya lalubo zakaran wuya. Ya ce bismillahi Allahu akbar, ya ja, bai ɗage ba sai da ya ji wuƙa ta gama aikinta. Jini ya feso masa a hannun riga. Ƙasa ta ɗan juya, ya dafa gwiwa, ta tsaya. Daga wayar aka ɗauki kabbara da wani irin harshe mai daɗi, daga bayan katanga kuma wata ta saki guɗa ta katse ta a tsakiya, da alama an toshe mata baki.

Sai dattijo Isa ya matso ya yi magana. Mas'ud ya ce yana tambaya ne, shekara nawa Malam ya yi yana yanka kafin hannunsa ya zauna haka, domin shi sati guda ke nan ba ya barcin kirki, yana tsoron kada ya wahalar da dabbar, yana ganin ya tsufa da koyon sabon abu.

Amsar tana bakin Malam a shirye, cewa abin sai a hankali, shekaru ne. Ba wanda zai ƙaryata shi, unguwar nan ta nuna ta iya rufa asiri. Ya dubi tsohon, ya ga yadda yake murza hannuwansa, ya san wannan murzawar.

"Gaya masa kwana goma sha ɗaya," ya ce. "Kafin nan ko kaza ban taɓa yankawa ba. Tsoro nake ji. Wannan ne ragona na farko."

Mas'ud ya yi shiru har Furera ta duba ko waya ce ta yanke. Malam ya ce masa ya fassara, kada ya rage komai. Mas'ud ya fassara da murya ƙasa ƙasa. Dattijon ya saurara, sai fuskarsa ta washe, ya dafa ƙirji ya yi ta magana. Mas'ud bai fassara wannan ba. Ya matso da wayar kusa da fuskarsa, ya koma Hausa.

"Baba, ni fa suka fara cewa in yanka musu. Ni ma ban taɓa ba, jiri nake ji. Shi ya sa na turo su wajenka."

Ɗaya daga cikin masu riƙe ragon ya kasa daurewa ya fashe da dariya, sai kowa ya kama, har bayan katanga. Malam ya yi dariya har da hawaye, rabonsa da irinta tun Sale na da rai. Ya ce wa Mas'ud maza ya je ya riƙe wa dattijo ƙafa, in ya dawo gida akwai kabewa tana jiransa.

Bayan azahar, an gama fiɗa an raba na rabawa, Furera na bakin murhu tana suyar hanta. Malam ya jawo kujera 'yar tsugunne ya zauna kusa da ita, abin da bai saba ba. Ya ce mata yau ya sauke kaya, saura guda. Ya gaya mata maganar Sale, da rantsuwar da ya yi masa a gona, da yadda ya kasa yi masa addu'a da zuciya ɗaya tun ranar da ya gane shi ya watsa zancen.

Furera ta juya hantar, ta rage wuta.

"Ka bar bawan Allah ya kwanta lafiya, Malam. Ko Hauwa bai taɓa gaya wa ba. Ni ce."

Ya dube ta. Ta ci gaba da magana tana kallon kasko. Ta ce kwananta goma sha biyu a gidan nan wata tsohuwa ta kawo masa kaza zaure, ita tana leƙe ta jikin asabari. Ta ga yadda fuskarsa ta koma, ta ji ya ce ya makara makaranta, ranar kuwa Lahadi ce. Sai ta ce a ranta yau ya tsira, gobe a gaban mutane za a tare shi. Ita amarya ce, ba ta da bakin da za ta hana a kawo masa. Sai ta zaɓi matar da ta fi kowa sakin baki a layin, ta ja ta gefe ta gaya mata, ta ce don Allah kada ta faɗa wa kowa. Kwana uku ya ishe ta. Daga baya ta bi manyan matan ɗaya bayan ɗaya ta roƙe su abu biyu, kada ya ji, kada 'ya'yan da za ta haifa su ji. Sun cika mata alkawari, amma ita ba su raga mata ba. Shekara talatin da takwas, ba bikin da za ta shiga ba a tambaye ta ko tana son aron miji ya yanka mata kaza ba. Tana dariya tare da su, in ta dawo gida wani lokaci ta yi kuka.

Kunya ta kama Malam, irin wadda ba ta kama shi ko a mayankar Ubale ba, tare da wani tausayi da son matar nan da bai san yana da sauransu haka ba. Ya ce mata don me ba ta taɓa gaya masa ba. Ta ce ai da ta gaya masa, da ya daina zama a zaure.

Ta kwashe hantar a faranti, ta barbaɗa yaji, ta ajiye a tsakaninsu. A ka'ida shi take fara miƙa wa, yau sai ta riga shi sa hannu.

"Bari in fara, Malam," ta ce. "Ban taɓa cin yankan mijina ba."

Ta kai yanka ɗaya baki tana taunawa a hankali, hawaye na bin kumatunta, ba ta ko share ba.